Abramovich: sunan Rasha ne ko na Yahudawa, kuma duk dangi ɗaya ne?

Malam, tambayarka ita ce wai sunan nan Abramovich na tsohon mai Chelsea, na Rashawa ne ko na Yahudawa, me yake nufi, kuma ko duk wanda ka ji da sunan ɗan'uwan Roman ne. To na zauna a Rasha shekaru ina karatun harshen, kuma harkar sunaye na cikin abin da ya fi ɗauke min hankali tun lokacin, don haka bari in warware maka daki-daki, amma ka yi haƙuri zan ɗan ja.

Da Hausa dai Abramovich ba komai ba ne illa Ɗan Ibrahim. Shi ke nan fa. Abram shi ne Ibrahim, a littafin Yahudawa sunansa na farko Abram ne kafin ya koma Abraham, su kuma a bakinsu na gida da yaren Yidish sai ka ji Avrom ko Avrum. Wannan "ovich" ɗin da ke ƙarshe ɗafa-ƙeya ce ta harsunan Silabiya, wato Rashanci da 'yan'uwansa, ma'anarta ɗan wane ko jinin wane. Kuma tunda na san kai ɗan ƙwallo ne, ka duba Zlatan Ibrahimović, ubansa Musulmi ne ɗan Bosniya, wallahi sunansa da na Abramovich suna ɗaya ne sak, ɗaya ya biyo ta bakin Musulmi ɗaya ta bakin Yahudawa, ɗafa-ƙeyar kuma ɗaya ce rubutu ne kawai ya bambanta. Kenan gangar jikin sunan daga Ibrananci ne, wutsiyar kuma ta Silabiya, shi ya sa idan aka ce na Rasha ne ba a yi ƙarya ba, idan aka ce na Yahudawa ne ma ba a yi ƙarya ba.

Amma akwai wani wuri da mutane ke rikicewa sosai, har 'yan jarida. Barashe sunansa uku ne a takarda: sunan yanka, sunan uba, sai sunan dangi. Na tsakiyar nan shi ma da "ovich" ko "evich" yake ƙarewa. Putin cikakken sunansa Vladimir Vladimirovich Putin, wato Vladimir ɗan Vladimir daga gidan Putin. Shi kuma mutuminka Roman Arkadyevich Abramovich ne, Roman ɗan Arkady daga gidan Abramovich. Ka ga ubansa ba Abram ba ne, Abram ɗin wani kaka ne can baya da sunansa ya daskare ya zama na zuri'a. To ga abin dariya, mutumin da ya ɗauko Roman ya shigar da shi manyan harkoki, daga baya suka ɓata har ya kai shi kotu a Landan, sunansa Boris Abramovich Berezovsky. Shi nasa Abramovich ɗin sunan uba ne, mahaifinsa ne Abram. Kenan a shari'ar 2012 ɗin nan Abramovich biyu ne suka tsaya gaban alƙali, ɗaya a tsakiyar suna ɗaya a ƙarshe, kuma babu dangantakar jini ko ta sisin kwabo.

Rashawa da kunne suke bambancewa. In sunan uba ne sai a danna murya a kan "ra", a ce AbRAmovich. In sunan dangi ne sai a danna a kan "mo", AbraMOvich. Ranar da malamar da ke koya mana harshe ta nuna mana wannan sai da na riƙe baki, don mu nan gidan kallon ƙwallo kowa yadda ya ga dama yake faɗa. Sannan mace in sunan uba ne sai ta zama Abramovna, amma in sunan dangi ne ba ya canzawa, 'yar Roman ita ma Abramovich ce, ba kaman Abramov ba da matarsa ke zama Abramova.

To yaya aka yi Yahudawa suka samu irin wannan suna? Nan ne ainihin labarin yake. Har wajen ƙarshen ƙarni na 18 yawancin Yahudawan gabashin Turai ba su da sunan dangi kwata-kwata, yadda muke yi haka suke yi, wane ɗan wane, Moshe ben Avraham, kaman ka ce Musa ɗan Ibrahim, in ɗansa ya zo shi kuma a kira shi da sunan Musa, a haka ake tafiya sunan na sauyawa kowane zamani. Kuma a lokacin Rasha ma ba ta da Yahudawa da yawa, a ƙasar Polan suke. Sai Rasha da Ostiriya da Prusiya suka yi wa Polan rabon nama har sau uku, 1772, 1793 da 1795, Rasha ta kwashe Belarus da Lituwaniya da babban yanki na Yukren, sai kawai ta wayi gari da ɗimbin Yahudawa a hannunta ba tare da ko ɗaya ya yi ƙaura ba, iyaka ce ta tsallake su. Tun 1791 sarauniya Katarina ta biyu ta fara shata musu yankin da aka yarda su zauna a yammacin daula, ba a so su shiga ciki kaman Mosko sai da izini na musamman, kuma wannan shinge bai faɗi ba sai 1917. Ƙidayar 1897 ta nuna Yahudawa sun haura miliyan 5 a daular, mafi yawansu a cikin wannan yanki.

Gwamnati kuma ka san halinta, tana son haraji, tana son ta san wa ke bin wa bashi, wa za a kai kotu. In gari ɗaya akwai Moshe ben Avraham guda ashirin, akawu zai haukace. Ostiriya ce ta fara, sarki Yusufu na biyu ya yi doka a 1787 cewa kowane Bayahude ya ɗauki sunan dangi tsayayye. Rasha ta biyo baya da dokar 1804 zamanin Aleksanda na ɗaya, aka sake jaddadawa a 1835 don mutane sun yi ta jan ƙafa, daga baya ma aka hana canza sunan in an riga an rubuta. A tsakanin nan kuma, 1827, sarki Nikolas na ɗaya ya fara ɗibar Yahudawa soja dole, aikin shekara 25, har yara ƙanana ake kamawa a kai makarantun soja, to ka ga rajistar suna ta zama maganar rai da mutuwa, iyali kan rubuta ɗa a ƙarƙashin sunan wani gida da ba shi da ɗa namiji don ya tsira. Shi ya sa za ka ga wa da ƙani uwa ɗaya uba ɗaya amma sunan dangi daban.

Wannan abin ba baƙo ba ne a wajenmu in ka lura. Lokacin da aka fara ɗibar yara makarantar boko a Arewa aka ce sai da suna na biyu, wasu suka sa na uba, wasu suka sa na gari, shi ya ba mu Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. To haka Yahudawan Rasha suka yi, kuma sau da yawa shugabannin al'ummarsu ne ke rubutawa. Wanda aka kira da gari ya zama Brodsky daga garin Brody, ko Minsky daga Minsk. Wanda ubansa malamin addini ne ya zama Rabinovich, ɗan rabbi, kaman ka ce Ɗan Malam ko Ɗan Liman. Gidan limancin gado na Kohen suka zama Kagan saboda Rashanci ba shi da "h" irin tamu sai ya mayar da ita "g", wanda shi ne dalilin da ya sa Musulmin Rasha ɗan Ibrahim yake zama Ibragimov. Har da sunan uwa ake yi, Rivkin daga Rivka, Sorkin daga Sara, wannan kam a Belarus ya fi yawa. Wanda kuma ubansa ko kakansa Abram ne aka rubuta Abramovich aka wuce wajen. To yanzu ka ƙiyasta Abram nawa ne a garuruwa ɗari-ɗari a wancan lokacin, kowanne 'ya'yansa na iya zama Abramovich ba tare da sun taɓa jin labarin juna ba. Tambayar ko duk dangi ɗaya ne kaman ka tambaya ne ko duk mai suna Ibrahim a ƙarshe a jihar Kano gida ɗaya suka fito.

Abin da zai ba ka mamaki, cikakken Barashe na tsakiyar ƙasa sunan danginsa ba ya cika ƙarewa da "ovich", nasu "ov" ne ko "in", Ivanov, Petrov, Pushkin. Sunan dangi mai "ovich" na yamma ne, Belarus, Lituwaniya, Yukren, Polan, can ne aka saba da shi tun kafin Yahudawa su ɗauka, su sun ari salon maƙwabtansu ne kawai. Shi ya sa Yanukovych na Yukren ko mawaƙin nan Shostakovich ba Yahudawa ba ne. Shi kansa Abramovich akwai Kiristoci masu shi tun da daɗewa, akwai wani basarake Jan Abramowicz a Lituwaniya da ya riƙe gwamnan Minsk da Smolensk ya rasu 1602, shekara ɗari biyu kafin dokar da ta tilasta wa Yahudawa suna. Har Musulmin Tatar da suka zauna a Lituwaniya da Polan irin salon suka bi, kana jin Achmatowicz ka san ɗan Ahmad ne. A can kudu kuma Marina Abramović, matar nan mai wasan fasaha da aka haifa a Belgrade a 1946, gidansu Kiristoci ne 'yan Otodoks. Abramov kuwa yawancin masu shi Rashawa ne ziryan, don Abram na cikin sunayen da coci ke raɗa wa yara, manoma da yawa sun yi amfani da shi a da. Amma gaskiya a Rasha ta yau in mutum ya ce sunan danginsa Abramovich, abin da zai fara zuwa zuciyar mai ji shi ne Bayahude, kuma sau da yawa ya canka daidai.

Bari in ɗan ratse in ba ka wani da na fi so, don ya taɓa mu. Uban kakan Pushkin, babban mawaƙin Rasha, baƙar fata ne ɗan Afirka, an kai shi Istanbul yana yaro, daga can aka kai wa sarki Bitrus Babba a 1704. Sunan da ya zo da shi Ibrahim, Rashawa suka mayar Abram, ya zama Abram Petrovich Gannibal, injiniyan soja har ya kai janar, ya rasu 1781. An daɗe ana cewa daga Habasha yake, sai wani masanin tarihi ɗan Benin, Dieudonné Gnammankou, ya kawo hujja a shekarun 1990 cewa daga Logone-Birni yake, arewacin Kamaru kusa da tafkin Chadi, ƙasar Kotoko, kuma masana da dama sun karɓi wannan. To 'ya'yansa me za a kira su? Ivan Abramovich Gannibal, wanda ya jagoranci gina birnin Kherson, da Osip Abramovich Gannibal kakan Pushkin na wajen uwa. A nan sunan uba ne ba na dangi ba, amma dai ka ga Abramovich da mai yiwuwa kakanninsa maƙwabtan Borno ne.

Yanzu ga waɗanda suka yi fice da sunan. In ka tambayi Bayahuden da ya san adabinsu, ba Roman zai fara ambata ba, Sholem Yankev Abramovich zai ce. An haife shi wajen 1836 a wani ƙaramin gari Kapyl kusa da Minsk, ya rasu a Odesa 1917. Ya yi rubutu da sunan alƙalami Mendele Moykher Sforim, ma'ana Mendele mai tallar littattafai, kaman waɗannan masu shimfiɗa littattafai a ƙofar masallaci ran Juma'a, sai dai shi nasa a keken doki yake yawo gari-gari a cikin labaran. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara goma sha uku, ya yi yawon karatu a makarantun addini cikin yunwa, har ya bi wani gurgu mabaraci suka zaga Yukren suna bara, abin da daga baya ya zama masa kayan rubutu. A lokacin masu ilimi suna raina Yidish, suna ganin yaren mata ne da 'yan kasuwa, rubutun kirki sai da Ibrananci ko Jamusanci ko Rashanci. Shi ya ce to wa zai karanta, talakan da nake magana a kansa Yidish yake ji, sai ya fara fitar da labari da Yidish a 1864, yana caccakar masu kuɗi da shugabannin al'umma da ke cinye harajin nama na talakawa, har zaman garin Berdichev ya gagare shi ya tashi. Wanda ya laƙaba masa "kakan adabin Yidish" shi ne Sholem Aleichem, wanda shi kuma ainihin sunansa Rabinovich. Ɗan Ibrahim da Ɗan Malam kenan. Kuma ka ji wani abu, sunan dangin mahaifin Mendele Broyde ne, ba Abramovich ba, ka ga ko shi da ya fi kowa ɗaukaka sunan a adabi ba gadonsa ya yi ba.

Jikansa Vsevolod Abramovich kuwa matuƙin jirgin sama ne tun jirgi yana kaman keke mai fukafukai, a 1912 ya tashi daga Balin har San Fitasbag, shekara ɗaya bayan nan ya yi hatsari a filin jirgi kusa da Balin yana koya wa wata gimbiyar Rasha tuƙi, ya mutu yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ita ta rayu.

Sai Rafael Abramovich, ɗan siyasa, an haife shi 1880 a Dvinsk, jigo ne a ƙungiyar ma'aikata Yahudawa ta Bund da kuma ɓangaren Menshevik da suka yi adawa da Lenin. Shi ma sunan aro ne, ainihin sunansa Rein. Ya bar Rasha 1920, ya ƙare a New York ya rasu 1963, ɗansa Mark kuma aka sace shi a Basalona a 1937 lokacin yaƙin basasar Sifen ba a sake ganinsa ba, kuma jami'an leƙen asirin Stalin ake ɗora wa alhakin. Wato cikin manyan Abramovich uku na farko da na lissafa, biyu ba da sunan aka haifi iyayensu ba.

Daga 1881, bayan kashe sarki Aleksanda na biyu da hare-haren da aka yi ta kai wa unguwannin Yahudawa, zuwa 1914, kusan mutum miliyan 2 suka tsallaka Amurka daga gabashin Turai, sunan ya bi su ya canza riga. A can sai ka ga Abramowitz, wasu suka gajarce zuwa Abrams, ga kuma Abramson wanda shi ma ɗan Abram ne da salon Jamusanci da Yidish. Duk wanda ya yi lissafi ko injiniya mai zurfi ya san littafin jadawalin nan na Abramowitz da Stegun na 1964, to Milton Abramowitz ɗin nan sunan ne dai. Labarin da ake yawan bayarwa wai jami'an shige da fice ne ke canza wa mutane suna a bakin ruwa ba haka ba ne, mutane da kansu suke canzawa daga baya don neman aiki da gudun tsangwama.

A zamanin Sobiyet ma sunan kaya ne mai nauyi. Fasfon cikin gida akwai layin ƙabila, wanda ake kira layi na biyar, in an rubuta Bayahude to wasu jami'o'i da wasu ayyuka sun yi maka nisa, ba a cire layin ba sai 1997. Kuma ko ba a duba fasfo ba suna ya tona ka, "Abram" kansa ya zama kalmar tsokana a titi, barkwanci kuwa kullum Rabinovich ne a ciki. Shi ya sa da yawa suka koma sunan uwa, Kasparov na dara Weinstein aka haife shi, Zhirinovsky ɗan siyasar Rasha kuma Eidelstein. Gidan su Roman dai ba su canza ba.

Shi Roman an haife shi 24 ga Oktoba 1966 a Saratov. Kakanninsa na wajen uba a Taurage ta Lituwaniya suke zaune, ka ga daidai yankin da na ce maka "ovich" ya fi yawa, a 1941 Sobiyet ta kwashe su zuwa Saiberiya, kakan ya mutu a sansanin gwale-gwale. Mahaifiyarsa ta rasu yana jariri, mahaifinsa kuma hatsarin injin ɗaga kaya a wajen gini ya kashe shi kafin yaron ya cika shekara uku, baffansa ne ya riƙe shi a Ukhta can arewa mai sanyin bala'i, daga baya ya koma Mosko wajen wani baffan, wanda shi kuma sunansa Abram, Abram Abramovich kenan. Ya fara da sayar da kayan wasan yara na roba, ya shiga dillancin mai, a 1995 shi da Berezovsky suka samu kamfanin mai na Sibneft a gwanjon gwamnati kan kusan dala miliyan 100, a 2005 ya sayar wa Gazprom, kamfanin gas na gwamnatin Rasha, da kasonsa kan dala biliyan 13. Ni dai a ganina wannan ba hazaƙar kasuwanci kaɗai ba ce, kusanci da fadar Yeltsin, shugaban Rasha na lokacin, ne ya yi aiki, kuma shi kansa a kotun Landan ya amsa cewa ya riƙa biyan Berezovsky kuɗin kariya ta siyasa. Ya yi gwamnan Chukotka, can ƙuryar gabas daura da Alaska, har 2008.

Sauran kai ka fi ni sani. Ya sayi Chelsea a 2003 kan fam miliyan 140, kofin Firimiya biyar, na zakarun Turai biyu a 2012 da 2021, ya tarar da Babayaro ɗan Kaduna a kulob ɗin, ya kawo Drogba da Essien da Mikel Obi ɗan Jos da Victor Moses, wanda ina ga shi ya sa rigar shuɗi ta cika garuruwanmu. Kocin da ya kai su wasan ƙarshe na 2008 a Mosko ranar da Terry ya zame, Avram Grant, wanda daga baya ya horar da Ghana, shi ma Avram ɗin nan Abram ne, wani Ibrahim ɗin dai. Roman ya karɓi takardar zama ɗan Isra'ila a 2018, ta Fotugal a 2021 ƙarƙashin dokar jikokin Yahudawan da aka kora daga can ƙarnuka da suka wuce, abin da ya jawo surutu da bincike don sunansa da tarihin gidansu duk gabashin Turai suke nunawa. Bayan Rasha ta shiga Yukren, Birtaniya ta sa masa takunkumi a Maris 2022, a watan Mayu aka sayar da kulob ɗin ga su Todd Boehly kan fam biliyan 2.5, kuɗin kuma aka kulle su a asusu, bai taɓa ko fam ɗaya ba.